Ƙwaryar da Za Ta Je Partago Babu Komai

Albarika, Parakou

Assalamu alaikum, Uwata Ramatu.

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Isifu, da Nafisa da ƙaninta Musa. Allah Ya sa taksin ya sauke ku Partago lafiya, Ya tsare ku daga ramukan hanya da direban da ke tuƙi da hannu ɗaya yana amsa waya da ɗayan. Allah Ya sa ku shiga gidan da ƙafar dama, Ya haɗa ku da maƙwabta na gari da rijiya mai daɗin ruwa.

Wannan takarda za ki same ta cikin zanen da uwarki ta naɗe ƙwaryar Nafisa da shi. Ki karanta ta kafin ki miƙa wa kowa ƙwaryar.

Kin san ni da rubutu. Lekol ɗin da na yi, wato makarantar boko, bai yi nisa ba, metir, malaminmu, ya kira babana ya ce yaron nan kansa ba laifi, amma bakinsa ya fi kan gudu, gara a kai shi kara, can wajen dillalan dabbobi ake neman irinsa. Hausar da nake rubutawa da girmana na tsince ta a ajin yaƙi da jahilci. In kin ga harafi ya kwanta, ki tashe shi. Na so in faɗa miki wannan da baki, sai na tuna halina. Zan fara da gaske, in ƙare da ba'a, ki yi dariya, mota ta tashi, maganar ta zauna nan tare da ni.

Maganar ɗaya ce, kin kuma san ta. Ranar sunan Musa, mahaifiyar Isifu ta taso tun daga Partago da kwanon wasa-wasa, abincinsu na Yom na garin doya, da ta yi da hannunta, ta riƙo shi a cinya duk tsawon hanya don kada a danne shi cikin kaya. Aka ajiye a tsakar gida, mata cike. Nafisa ta je ta ɗaga murfi, ta leƙa, ta ɗaga murya yadda har na zaure suka ji:

"Baba Tsoho, zo ka gani! Ga kashin akuyan nan da kake faɗa!"

Tsohuwar dai Hausarta ba yawa, amma wadda ta yi shekaru tana kai doya kasuwar Djougou ba sai an fassara mata akuya ba. Ta mai da murfin, ta ɗaure kwanon da zanensa, ta zauna har aka watse, ta yi sallama da kowa har da ni, ta koma da kwanonta cike yadda ta zo da shi. Na aika Isifu da ban haƙuri, ta ce ba komai. Amma sabuwar doyar da take aiko mana kowace shekara, bana ba ta zo ba.

Yanzu ga shi Isifu ya koma riƙe gonakin mahaifinsa, za ku zauna gidanta, tukunya ɗaya. Abin da nake tsoro ke nan. In Nafisa ta kau da kai daga tukunyar kakarta, za ta tashi baƙuwa a gidan ubanta. Za a riƙa dafa mata nata daban, ana ce mata 'yar birni, ana kallonki a ce ke kika koya mata. Ba ke ba ce kuwa. Mai laifin yana nan Albarika, yana shan shayinsa.

Bakin nan ba daga sama ya faɗo mini ba. Mu a Djougou, wadda kakana har ya rasu Zugu yake ce mata, jikokin fataken goro ne, mutanen da suka yi tafiya da tukunyarsu ɗaure a bayan jaki. Duk garin da suka sauka, nasu suke dafawa. Ayari ya ƙare, jakuna sun tafi, tukunyar ta zauna mana a ka. Mun sayi doyar Yom, mun iya Dendi, mun yi ciniki da Bariba, amma in maƙwabta suka aiko abinci sai a yi godiya mai kyau a bakin ƙofa, a zagaya bayan ɗaki kaji su yi sallah. Tsofaffin dai a shiru suke yi. Ni ne na sa wa abin waƙa. Kowane abinci sai da na raɗa masa suna. Akasar mutanen kudu na ce sabulu ce aka naɗe a ganye. Wasa-wasa kuwa, baƙi, ƙanana-ƙanana, ni kuma sana'ata awaki, ban sha wahalar neman suna ba. Shekara da shekaru ina faɗa ana dariya a kara, ban taɓa kai shi bakina ba ko sau ɗaya.

To, Uwata, kin gaje ni, na sha jin ki. In ba'a ta taso miki, ki yi wa tukunyarki. Miyar kukarmu ma in baƙo ya tsaya ya kalle ta da kyau, ba zai rasa abin faɗa ba. Yaro bai san wace magana ce ta cikin abokai, wace ce ta gaban baƙi ba. Yadda ya ji yake ɗauka, inda ya ga dama yake saukewa.

Akwai kuma abin da ya same ni ina saurayi, ban daɗe da zuwa Parakou ba. Na hau keke na nufi wani ƙauyen Bariba can bayan Tourou neman tumaki, lokacin Tourou ɗin ma daji ya fi gidaje yawa. A hanya na ratsa wata kasuwa na ga sabuwar doya ta fito, na saya na ɗaure a baya. Da na isa, dattawan ƙauyen na zaune gindin bishiya. Na gaishe su, na roƙi garwashi, na gasa doyata a gabansu, ƙamshi ya tashi. Ni fa mutumin kirki ne, sai na ɓare na miƙa wa mafi tsufansu.

"Bismillah, baba."

Ya dubi doyar, ya dube ni, ya ɗauki sandarsa. Ɗaya bayan ɗaya suka tashi, suka bar ni da doyata da kekena. Sai daga baya mai masaukina ya ja ni gefe ya ce a garin nan ba a kai sabuwar doya baki sai manya sun buɗe ta, su kuma ba su buɗe ba tukuna. Ranar ko ɗan rago ba wanda ya nuna mini. Na dawo da igiya a hannu, da doya a ciki.

Ban ce ki bi abin da ba na addininki ba, surukarki ma mai sallah ce. Amma kowane gida na da lokacin da yake fara cin abu, da wanda yake fara sa hannu, da inda ake zama. Ba a rubuta a bango ba. Ki tambaya. In da hali ma ki tura Nafisa ta yi tambayar, don tsoho in babba ya tambaye shi sai ya ga kamar ana bincikensa, in yaro ne sai ya gyara zama.

Kin tuna wagashina, cukuin nan na Fulani? Kina kamar Nafisa lokacin. Na je ruga cinikin awaki, na ga matar Fulani tana yi, kallo ɗaya, na ce ashe abin nan ba komai ba ne, madara ce da tumfafiya. Na dawo na sanar a gida cewa daga yau Inna Dije, wadda ke kawo mana wagashi a ka, ta huta. Na samo madara, na yanko tumfafiya rungume guda na daka, na zaunar da ke a kujera na ce ki yi kallo ki koya daga babanki. Abin da ya fito kore-kore ne, ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Uwarki ta taɓa shi da yatsa ta ce, "Malam, wannan na ci ne, ko na toshe ramin ɓera?" Kyanwar gidan ma ta shinshina ta fita.

Da Inna Dije ta zo, ke kika tona ni, tun daga farko har ƙarshe, har da kyanwar. Ta yi dariya sai da ta sauke kayanta. Kashegari ta dawo da madara, ta zaunar da ke kusa da ita, ta nuna miki ɗan abin da ake sawa, wanda bai cika tafin hannunki ba. Ke kika tace, ke kika jira ya kama, ke kika kwashe cikin ɗan kwando, ke kika tsoma a ruwan karan dafi ya yi ja. Da na matso zan ba da shawara, ta ce, "Kaɗo, kai riƙe mana wuta kawai." Na riƙe wuta. Ke da ba kya cin wagashi a da, ranar sai da aka ƙwace.

Abin da na gane shi ne kowane abinci na da masu shi. In kina son yaro ya san abincin wasu, ki kai shi wurin masu shi, ke ki koma riƙon wuta. A Partago za ki tarar da matan Yom, da Fulani a gefen gari, wataƙila da matar wani metir daga kudu mai dafa nata iri. Duk ranar da wata ke girki kuma ta ba da fuska, ki bar yaran su zauna. A ba su aikin gaske, ba na ƙarya ba: tsince wake, ɓare gyaɗa, murza gari, ɗanɗana gishiri. Wuƙa da mai mai zafi dai ba nasu ba ne tukuna. Za su zubar, za su ɓata riga, abinci zai makara. Ki haƙura. Ban taɓa ganin yaron da ya sa hannu a tukunya ya zo yana zaginta ba. Kuma ke ma wata rana ki tara yaran gidan ki yi musu waina ko ɗanwake, ki bar su su jefa da hannunsu. Sai dai ba a makon farko ba, kada a ce kin zo da gasa.

Na ce a bar yaro ya yi da hannunsa, ni kuwa a nan ma na faɗi. Wata kaka, an yanke dawa, kara ko'ina, kika zo kika ce kina son kamiyo, motar kaya, irin wanda yaran maƙwabta ke yi da karan dawa. Na ce kawo wuri, yau za a ga aiki. Na karɓe kara, na karɓe wuƙa, na fere totuwa na yi ƙafafu, na tsaga ɓawo na yi ƙofa mai buɗewa, har madubi na sa. Duk sanda kika miƙo hannu sai in ce bari, za ki ɓata. Da na gama ya yi kyau har na ji tsoron ki karya shi, na ɗora shi can saman katanga. Kika kalle shi, kika kalle ni, kika fita. Da yamma na hango ki a lungu da yaran Bariba na gidan baya, kina jan wani abu karkatacce, ƙafa ɗaya ta fi sauran, kina yi masa kukan inji da baki. Shi kika ja har ya wargaje. Nawa gara ta cinye shi a saman katanga, bai taɓa ɗaukar kaya ba.

A ƙauye ba za ki rasa abin ba su ba, kowane lokaci da nasa. Da damina yumɓu na nan a bakin rafi, su gina shanu da 'yan tukwane su shanya a inuwa. In saniyar ta fito kamar kwaɗo, ki ce ma sha Allah, ki tambayi sunanta. Da kaka ga kara, ga bawon masara da ake ɗaure 'yar tsana da shi. Da rani ƙwarya ta bushe, su kankare, su zana. Lokacin akaju kuwa, wato yazawa, ki sa ido, man da ke cikin ƙwallon yana ƙona fata, in za a gasa babba ya tsaya a kai. Kada ki ce za ki koya musu duk wannan. Yaran gidan sun fi mu iyawa ni da ke, kuma garin koya wa Nafisa ɗaure ƙafar mota za su koya mata harshen ubanta ba ta sani ba.

Bon, to. Yanzu ga abin da ba ki sani ba.

Da Isifu ya faɗa mana za ku koma, na rasa sukuni. Kwanakin nan da kike ta haɗa kaya kina barin Nafisa wurinmu, na kama hannunta muka je kwanar kartiye, nan unguwarmu, wajen Maman Fati, 'yar Yom ɗin nan mai sayar da wasa-wasa. Shekaru nawa ina wuce ta a kan zem, babur ɗin haya, ina jefa mata sunan nan. Tana hango ni ta ajiye ludayi.

"Baba Ɗanjuma, lafiya? Yau awakinka ne ba su yi ba, ka zo neman nawa?"

Masu saye suka kwashe da dariya. Na tsaya na sha, don ni na dama. Na ce mata koyo muka zo, ni da wannan. Ta ce yarinyar dai za ta iya, kai ban sani ba. Da safe muka je gidanta, ta nuna mana yadda ake yayyafa wa garin busasshiyar doya ruwa kaɗan-kaɗan, a yi ta murzawa da tafin hannu cikin faranti mai faɗi har ya zama 'yan ƙwayoyi, a turara, a sauke a ɗauraye da ruwan sanyi, a sake turarawa, sannan mai da yaji da albasa. Ina kallon hannunta na tuna kwanon nan da ya zo a cinya daga Partago. Ban taɓa sanin aikin da ke cikinsa ya kai haka ba.

Muka dawo gida. Uwarki ta ba mu aron madambaci bisa sharaɗin in an tambaya ba ta san mu ba. Wannan karon na tuna kamiyo, na zauna kan hannuwana, na bar Nafisa ta murza. Na farko na manta ɗauraya, ya fito da ɗaci, laifina ne. Na biyu wasu ƙwayoyin kamar ƙwan zabo, wasu kamar ƙura, amma ya ciwu. Ta zauna da hannu baƙi ƙirin har gwiwa tana ci, tana ba Musa a baki. Ni ma na ɗebo. Yana da daɗi, Uwata. Abin haushin ke nan.

Can sai ta ɗago ta ce, "Baba Tsoho, namu bai kai na Kaka ba."

Na ce, "Ke da ba ki ɗanɗana ba, ina kika sani?"

Ta ce, "Na ji ƙamshinsa kafin ta rufe."

Ashe ranar nan yarinyar so take ta ci. Ta faɗi abin da ta faɗa ne don in yi dariya, yadda na saba. Sai ta ce, "In mun je, za ta koya mini?" Na ce ban sani ba, sai an tambaye ta.

Daga nan ƙwaryar ta fito. Cikin duman da uwarki ta shuka a kan rumfa bara ce. Nafisa ta kankare cikinta, ta zana bayanta da gawayi, ni na bi zanen da ƙarfe mai zafi. Ta yi rana, ta yi doya, ta yi wata mata da ɗankwali. Sai na ga tana zana akuya.

Na ce, "Amaryata, duk dabbobin da Allah Ya halitta?"

Ta ce, "Ita na iya. Kuma na ce maka na sake ka, ba ka da haƙora."

Na lallaɓa na ƙara mata tozo da dogayen ƙaho. Yanzu ba akuya ba ce, ba saniya ba. In surukarki ta tambaya, ki ce saniya ce. In kin ga ta yi dariya, ki faɗa mata gaskiya.

Uwarki ta so ta cika ƙwaryar da kilishi da dakuwa, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin an aika gidan surukai da ƙwarya wofi ba, abin kunya ne. Gaskiyarta, shi ya sa tsarabar na nan daban cikin jakar shuɗiya, ki miƙa ta ranar da kuka isa. Amma ƙwaryar na hana a sa mata komai. Mun daɗe muna aika wa mutane namu. Wannan ƙwaryar roƙo za ta je.

Kada ki fito da ita ranar farko. Ki bari ku huta, a saba da fuskokinku. Ranar da kika ga tsohuwar ta ɗauko garin doya, Nafisa ta wanke hannu, ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu, ta durƙusa ta gaishe ta da Yom yadda Isifu zai koya mata, ta ce tana son a koya mata. Ke ki nemi wani aiki a can gefe. Kada ki yi bayani, kada ki ambaci sunana, bakina ya yi aikinsa ya isa. In ta ce ba yau ba, to ba yau ba. Ki ajiye ƙwaryar, kada ki ɓata rai, kada ki bar yarinyar ta ɓata. Matar da ta riƙo kwano a cinya tun daga Partago tana da ikon ta ja mana rai.

In kuwa Allah Ya sa ta matsa mata wuri a kan tabarma, to duk abin da ya fito daga hannun su biyun, ko ƙwan zabo ne, a zuba a ƙwaryar, a ɗaure da zanen nan, a ba direban da ke zuwa Parakou, a ce masa a cinya. Zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida da rana tsaka, in aika a kira abokaina na kara waɗanda suka yi shekaru suna taya ni dariya, in kira Maman Fati ta zama shaida, in cinye a gabansu. Sannan uwarki ta cika ƙwaryar da abin da ta ga dama ta koma.

Allah Ya tsare ku, Ya tsare gonar da masu nomanta. Allah Ya ba surukarki lafiya da tsawon rai, Ya sanyaya zuciyarta a kan jikokinta. Allah Ya raya Nafisa da Musa, Ya ba su kan uwarsu da haƙurin ubansu, bakin kakansu kuma Ya bar shi nan Albarika. Uwarki na gaishe ku, ta ce ki shanya barkonon da ta sa miki kada ya yi fumfuna.

Duk taksin da ya tsaya a kwanarmu, ina leƙawa.

Wassalam.

Babanki,
Ɗanjuma mai awaki